AIKIN MASU JINYA GA WANDA ZA A YI WA FIƊA: DARASI DAGA BIRNIN DOHA

Shirin kimiyya na wannan mako zai kai masu sauraro birnin Doha, hedkwatar ƙasar Katar da ke bakin Tekun Fasha, domin a duba wani aiki wanda ba safai a kan yi zancensa ba, watau aikin masu jinya ga mutumin da za a yi wa fiɗa. Idan aka yi wa mutum tiyata ya tashi, sunan likita a ke tambaya, shi a ke yi wa godiya, kuma lalle ya cancanta. Amma wuƙar likita ba ta kan wuce sa'o'i kaɗan a jikin majinyaci ba. Sauran kwanakin duka, dare da rana, yana hannun masu jinya, kuma a cikin waɗannan kwanaki ne a kan rasa yawancin waɗanda a ke rasawa.

Al'amarin ba ƙarami ba ne. A shekarar 2019 masana na Jami'ar Birmingham ta Ingila sun ƙiyasta cewa mutum miliyan 4.2 ne ke rasuwa kowace shekara a duniya cikin kwana 30 na bayan fiɗa. Wannan adadi ya zarce na waɗanda zazzaɓin cizon sauro da tarin fuka da ƙanjamau su ke kashewa idan an haɗa su gaba ɗaya.

Dalilin da ya sa aka zaɓi Doha shi ne, a can an gina wannan aiki tun daga tushe cikin tsawon rayuwar mutum guda. Kafin a fara fitar da man fetur a shekarar 1949, mutanen Katar masunta ne da masu nutso cikin teku neman lu'ulu'u. Wanzamai ke yin kaciya da ƙaho, masu magani su ba da saiwa da ganye, a kan kuma ƙona wurin ciwo da ƙarfe mai zafi, kamar dai yadda aka sani a ƙasar Hausa. A wajen 1947 aka buɗe ƙaramin asibiti na farko mai 'yan gadaje kaɗan. A 1957 aka buɗe Asibitin Rumaila mai gado 200. A 1979 aka kafa Hukumar Asibitocin Hamad, sa'an nan a 1982 aka buɗe Babban Asibitin Hamad mai gado fiye da 600. Bayan shekara huɗu, watau a 1986, aka yi dashen ƙoda na farko a ƙasar, a 2011 kuma aka yi dashen hanta. Irin waɗannan manyan ayyuka ba su yiwuwa sai inda a ke da ƙwararrun masu jinya. Saboda haka aka ɗauko su daga ƙasashe da dama, musamman Indiya da Filifin da ƙasashen Larabawa. A 2007 Jami'ar Kalgari ta Kanada ta buɗe reshe a Doha don horad da masu jinya, kana a 2022 Jami'ar Katar ta kafa tata kwalejin.

Shi kansa aikin jinya tsoho ne a yankin. Littattafan tarihin Musulunci sun ambaci Rufaida al-Aslamiyya, wadda ta kafa tanti a masallacin Madina tana kula da masu rauni, har a wurinta aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu bayan da kibiya ta same shi a yaƙin Gwalalo. Abin da zamani ya ƙara shi ne tsari da awo da rubutu. An fara sa majinyaci barci da maganin shaƙa a bainar jama'a ran 16 ga Oktoba 1846 a birnin Boston na Amurka. A 1860 Florence Nightingale ta buɗe makarantar jinya a Asibitin Saint Thomas na London. A 1867 Joseph Lister na Glasgow ya bayyana yadda kashe ƙwayoyin cuta ke hana rauni ruɓewa. A kan waɗannan duwatsu uku aka ɗora tukunyar tiyatar zamani.

KAFIN FIƊA

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Aikin mai jinya ya kan soma ne kwanaki kafin ranar fiɗa, sa'ad da majinyaci ya zo ɗakin bincike. A nan a ke auna nauyinsa, da zafin jikinsa, da bugun zuciyarsa, da ƙarfin jininsa. A ɗebi jini a duba yawansa da rukuninsa, domin in bukatar ƙarin jini ta taso a same shi a shirye. Sa'an nan mai jinya ta zauna ta yi tambayoyi filla-filla. An taɓa yi masa fiɗa? Akwai maganin da jikinsa ya ƙi? Yana shan taba ko shisha? Waɗanne magunguna ya ke sha?

Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce wadda mutane suka fi yi wa rowar amsa. Asfirin da sauran magungunan da ke tsinka jini suna iya sa jini ya ƙi tsayawa a kan teburin fiɗa. Wasu jiƙe-jiƙe da magungunan gargajiya su ma suna taɓa jini ko hanta ko ƙoda. Mai jinya ba don ta yi faɗa ta ke tambaya ba, don likitan sa barci ya san abin da ke cikin jikin da zai kwantar ne. Wanda ya ɓoye, kansa ya cuta.

A Katar ciwon sukari na daga cikin abubuwan da a ke sa wa ido ƙwarai, gama wani bincike na ƙasa da aka yi a 2012 ya nuna kimanin mutum 17 cikin 100 na manyan 'yan ƙasar suna da shi. Sukari idan ya yi yawa a jini ya kan raunana sojojin jiki masu yaƙi da ƙwayoyin cuta, ya kuma jinkirta haɗewar rauni. Idan kuwa mutum ya sha maganinsa alhali bai ci abinci ba, sukarin na iya faɗuwa yana cikin barcin fiɗa, ba wanda zai ji kokensa. Don haka mai jinya ta kan riƙa auna shi a kai a kai, ta kuma bayyana wa majinyaci wane magani zai sha da safiyar ranar, wane zai bari.

Sai batun hana ci da sha, wanda ya fi kowane jawo gardama tsakanin masu jinya da dangi. Ƙa'idar da aka fi bi a duniya ita ce, a daina cin abinci sa'a 6 kafin fiɗa, ruwa zalla kuwa a daina shi sa'a 2 kafin lokacin, sai fa in likita ya ba da wani umurni dabam. Kunu da koko da fura da madara duk abinci ne a wannan lissafi. Ga dalili. Mutumin da ke farke, in abu ya nufi hanyar numfashinsa, ya kan yi tari ya fitar da shi. Maganin barci ya kan kashe wannan tsaro. Idan akwai abinci a ciki, yana iya tasowa tare da ruwan tsamin tumbi ya gangara cikin huhu ya ƙona shi. Wani likita na New York, Curtis Mendelson, shi ya bayyana wannan haɗari a 1946 a wurin mata masu haihuwa. Uwar da ta ba ɗanta kofin kunu a ɓoye don tausayi, ba ta san irin ƙofar da ta buɗe ba. In ma hakan ta faru, abin da ya kamata shi ne a faɗa wa mai jinya. Ɗaga fiɗa da 'yan sa'o'i ya fi sauƙi nesa.

A Doha akwai wata wahala ta daban, watau ta harshe. Yawancin mazauna ƙasar baƙi ne da suka zo aiki. Ya kan yiwu likita Balarabe ne, mai jinya 'yar Filifin, majinyaci kuwa ɗan Nepal ko ɗan Afirka. Ba ya halatta a yanka mutum sai ya fahimci abin da za a yi masa ya sa hannu da yardarsa. Saboda haka a kan nemi tafinta, a kuma roƙi majinyaci ya maimaita bayanin da bakinsa, domin gyaɗa kai ba shaidar fahimta ba ne. Daga nan a ɗaura masa wata 'yar munduwa ta roba mai ɗauke da sunansa da lambarsa, likita ya yi alama da tawada a daidai wurin da za a yanka, ya yi wanka da sabulu, a cire masa zobe da haƙoran roba. Gashin wurin, in ya zama tilas a cire shi, da injin aski a ke rage shi, gama reza ta kan bar ƙananan tsagogi a fata, kuma sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga.

CIKIN ƊAKIN FIƊA

A ɗakin tiyata masu jinya iri biyu ne. Ta farko ta kan wanke hannu har gwiwa, ta sa riga da safar hannu waɗanda aka kashe ƙwayoyin cutar da ke jikinsu, ta tsaya kusa da likita tana miƙa masa kayan aiki. Ta biyu ba ta taɓa kayan da aka tsarkake. Ita ke kewaya ɗakin, ta kawo abin da a ke bukata, ta rubuta duk abin da ya gudana, ta kuma sa ido kada wani ya karya ƙa'idar tsabta. Kayan aikin kuwa an riga an dafa su cikin tukunyar tururi mai matsi, a zafin digiri 121 na minti 15 ko fiye, ko kuwa digiri 134 na 'yan mintoci. Ita ma safar hannu ta roba saboda wata mai jinya ta shigo ɗakin fiɗa: a wajen 1890, a Asibitin Johns Hopkins na Amurka, likita William Halsted ya sa aka yi wa Caroline Hampton ita, domin ruwan maganin wanke hannu yana cin fatarta.

Waɗannan masu jinya biyu su ne ke da alhakin ƙidaya. Kafin a fara, su kan ƙirga kowane almakashi, da kowace allura, da kowane ƙyallen tsane jini, da murya a bayyane, su biyu tare. Kafin a rufe cikin majinyaci su sake ƙirgawa, haka kuma sa'ad da a ke ɗinke fata. Ƙyallen da ya jiƙe da jini ya kan saje da nama har ido ya kasa rabe shi. In lissafi bai cika ba, mai jinya tana da iko ta ce a dakata, komai girman likitan, har a samo abin da ya ɓace, ko da sai an ɗauki hoton ciki.

A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wata takarda mai tambayoyi 19 da a ke karantawa a ɗakin fiɗa. A kan tsaya sau uku: kafin a sa majinyaci barci, kafin wuƙa ta taɓa fata, da kafin a fitar da shi daga ɗakin. A tsayawa ta biyu kowa ya faɗi sunansa da aikinsa, a tabbatar wannan shi ne mutumin, wannan ce fiɗar, nan ne wurin, an kuma ba da allurar rigakafin ƙwayoyin cuta cikin sa'a ɗaya da ta wuce. An gwada takardar a asibitoci 8 na duniya, cikinsu har da na Amman a Jordan da na Ifakara a Tanzaniya. Sakamakon da aka buga a 2009 ya nuna mace-mace sun ragu daga 15 cikin 1,000 zuwa 8 cikin 1,000, matsaloli kuma daga 11 cikin 100 zuwa 7. Sau da yawa mai jinya mai kewayawa ce ke riƙe da wannan takarda.

Akwai kuma sanyi. Da bazara zafin Doha ya kan haura digiri 40, amma a cikin ɗakin tiyata sanyi ne abokin gaba. Maganin barci ya kan hana jiki tsare ɗuminsa, ga ciki a buɗe, ga na'urar sanyaya ɗaki. In zafin jiki ya sauka ƙasa da digiri 36, jini ya kan yi jinkirin daskarewa, rauni kuma ya fi saurin kamuwa. Wani gwaji da aka yi a Ostiriya aka buga a 1996, a kan majinyata 200 da aka yi wa fiɗar hanji, ya nuna raunin waɗanda aka bari suka yi sanyi ya ruɓe wajen ninki uku na waɗanda aka ɗumama. Don haka a ke rufa wa majinyaci bargo mai hura iska mai ɗumi, a kuma ɗumama ruwan da a ke ƙara masa. Har wa yau mai jinya ce ke sa matashi ƙarƙashin gwiwar hannu da diddige don kada jijiya ta matse, ita ce kuma ke rufe al'aurarsa, gama wanda ke barci ba ya iya tsare mutuncin kansa.

Misalin da ya nuna amfanin shiri shi ne na 2018, sa'ad da Asibitin Sidra na Doha ya raba wasu tagwaye da aka haifa manne da juna ta ciki, waɗanda iyayensu suka zo daga ƙasar Mali. Shi ne karo na farko da aka yi irin wannan aiki a Katar. Tun kafin ranar, likitoci da masu jinya sun yi ta maimaita aikin a gwaji, domin daga lokacin da aka raba su majinyaci ya zama biyu, kowanne da nasa ma'aikata da nasa kayan aiki.

BAYAN FIƊA

Daga ɗakin tiyata a kan kai majinyaci ɗakin farfaɗowa. Abin tsoro na farko a nan shi ne numfashi, domin harshen wanda bai gama farkawa ba yana iya faɗawa baya ya toshe maƙogwaro. Mai jinya ba ta barin gefen gadonsa. Ta kan maƙala masa wata 'yar na'ura a yatsa mai nuna yawan iskar oksijin da ke cikin jini, ta auna shi kowane 'yan mintoci, ba kuwa za ta sallame shi zuwa ɗakin kwanciya ba sai ya farka sosai, yana numfashi da kyau, jininsa ya daidaita.

A ɗakin kwanciya ne haɗari ya fi ɓuya. Jinin da ke zuba a cikin ciki ba a ganinsa a bandeji. Alamunsa su ne bugun zuciya ya ƙaru, hannu ya yi sanyi, gumi ya keto, majinyaci ya kasa natsuwa, fitsari ya ragu. Babban mutum ya kamata ya fitar da kimanin cokali biyu na cin abinci kowace sa'a, shi ya sa a ke auna abin da ya taru a jakar robar fitsari a rubuta. Mai lafiya ya kan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti, kuma hauhawar wannan adadi na daga cikin alamun farko na cewa wani abu ya ɓaci. Masana sun lura cewa kafin zuciyar majinyaci ta tsaya, jikinsa ya kan yi sa'o'i yana ba da irin waɗannan alamu. Abin da a kan rasa shi ne wanda zai gani, da wanda zai zo in an kira.

Don magance wannan ne Hukumar Asibitocin Hamad ta shigo da tsarin gargaɗin wuri a 2015. Duk awon da mai jinya ta yi, a kan gwada shi da iyakokin da aka shata. In ya ƙetare iyaka ta farko, tilas a sanar da likitan ɗakin ya zo ya duba. In ya ƙetare ta biyu, mai jinya ta kira rundunar gaggawa kai tsaye, ba sai ta nemi izinin kowa ba. Hikimar tsarin ita ce ya cire wa ƙaramar ma'aikaciya nauyin baki, ko da tsakar dare ne.

Ciwo shi ma a kan auna shi, a ce majinyaci ya ba shi lamba daga sifiri zuwa 10. Jurewa ba jarunta ba ce a nan, domin wanda cikinsa ke ciwo ba ya jan numfashi sosai, ba ya tari, sai majina ta taru a huhu ta zama ciwon huhu. A kan koya masa ya rungume matashi a kan rauni sa'ad da zai yi tari. A da a kan bar wanda aka yi wa fiɗa a kwance mako guda ko fiye. Aikin wani likitan Denmak, Henrik Kehlet, tun daga shekarun 1990, ya taimaka wajen nuna cewa tashi da wuri da cin abinci da wuri sun fi. Doguwar kwanciya ta kan sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, gudan ya ɓalle ya toshe huhu. Shi ya sa mai jinya ke tayar da majinyaci ya taka, sau da yawa tun ranar farko ko kashegari, ko da dangi suna ganin rashin tausayi ne.

A 2017 aka buɗe wata cibiya a Doha inda a ke yi wa mutum fiɗa ya koma gida a ranar. A irin wannan, koyarwar mai jinya ita ce tsaron majinyaci. Zazzaɓi, ko rauni ya yi ja ya kumbura yana fitar da mugunya, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, ko numfashi ya yi wuya, duk dalilai ne na komawa asibiti nan take.

ABIN DA YA SHAFI ƘASASHEN AFIRKA

Mai sauraro a Kano ko Maraɗi zai iya cewa Katar mai arziki ce. Gaskiya ne, kuma kuɗi na da nasa aiki, musamman wajen yawan ma'aikata. Binciken da Linda Aiken da abokan aikinta suka buga a 2014, a asibitoci 300 na ƙasashen Turai 9, ya nuna duk majinyaci guda da aka ƙara wa mai jinya, haɗarin mutuwar wanda aka yi wa fiɗa ya kan ƙaru da kashi 7 cikin 100.

A 2018 kuma aka buga binciken da Farfesa Bruce Biccard na Kef Tawun ya jagoranta a asibitoci 247 na ƙasashen Afirka 25, har da Nijeriya. Majinyatan Afirka sun fi ƙuruciya, cututtukansu na yau da kullum kuma ba su kai na sauran duniya ba, amma duk da haka haɗarin mutuwarsu bayan fiɗar da aka tsara ya ninka na duniya sau biyu. Fiye da 9 cikin 10 na waɗanda suka rasu, a kwanakin bayan ranar fiɗar suka rasu. Da aka gwada ƙara sa ido a kan majinyata masu haɗari, sakamakon da ya fito a 2021 bai nuna raguwar mace-mace ba, asibitoci da yawa kuwa ba su iya bin tsarin cikakke ba. Takarda ba ta auna bugun zuciya, sai an sami mutum da lokacin yin haka. Wannan nauyi ne a wuyan hukumomi: su horad da masu jinya, su ɗauke su aiki, su kuma riƙe su kada su ƙaura.

Amma akwai abin da ba ya jiran kasafin kuɗi. Ƙidayar ƙyalle, da wanke hannu, da tsayawa a tambayi sunan majinyaci, da ƙirga numfashi da agogon hannu, ba su cin ko kwabo. A ƙasar Hausa kuma akwai wata dukiya, watau ɗan'uwan da ke zaman jinya a gefen gado. In ya kiyaye umurnin hana ci da sha, ya faɗi gaskiyar magungunan da majinyaci ke sha, ya bar bandeji yadda aka ɗaure shi, ya kuma hanzarta kiran mai jinya da ya ga numfashi ya sake ko hankali ya gushe, to ya zama ido na biyu a ɗakin da ma'aikaciya ɗaya ke duba gadaje masu yawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Nan shirin na wannan mako ya tsaya. Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya saka wa masu jinya da alheri.